Uwargida, Duba Rubutunki Kafin Ki Aika

Darasinmu na yau a kan rubutu ne, wato rubutun Hausar nan da muke yi kullum a waya, da littafin adashi, da katin biki, da takardun 'ya'yanmu. Na san wata za ta ce, "Haba Malama, Hausar ma sai an koya mini?" To ki ɗan saurare ni tukuna.

Kwanakin baya wata ɗalibata ta ajin matan aure a nan Daura, Daurarmu ta Ƙaraye, ta shigo aji idanunta sun kumbura. Maigidanta yana fatauci a Legas. Ya aiko da kuɗi ta hannun wani direba a kai wa mahaifiyarsa, ƙannensa suka karɓa suka kai wa tsohuwa, ta ƙirga ta sa albarka. Ita kuma baiwar Allah ta ɗauki waya don ta kwantar wa mijinta da hankali, ta rubuta masa: "Kudin Inna sun bata." Daga nan cajin wayarta ya ƙare, ta kwanta abinta. Abin da take nufi shi ne, "Kuɗin Inna, sun ba ta." Shi kuwa abin da ya karanta shi ne, "Kuɗin Inna sun ɓata." Ya kira ta bai samu ba, ya kira direba ya zazzaga masa maganganu, direba ya kira nasa 'yan'uwan. Kafin gari ya waye maganar ta shiga gida uku, har an fara ambaton ofishin 'yan sanda. Da gaskiya ta fito, kunyar a kan wa ta sauka? A kan mijin da ya zargi mutumin kirki, shi kuma ya sauke fushinsa a kan matarsa. Duk wannan saboda ɗan fili guda da ba ta bari ba tsakanin "ba" da "ta".

Wannan matsala ba yau aka fara ta ba, kuma magabatanmu ba su ɗauke ta da wasa ba. A farkon Musulunci ana rubuta Larabci ne ba ɗigo ba wasali, Balarabe yana ganewa saboda harshensa ne. Da addini ya bazu cikin waɗanda ba Larabawa ba sai kurakurai suka fara yawa. Malamai sun ruwaito cewa Abul Aswad Addu'ali ya ji wani yana karanta aya ta 3 a Suratut Tauba, ya sa kisira a inda ya kamata ya sa rufu'a. Ayar tana cewa Allah da Manzonsa sun barranta daga mushirikai, amma da wasali ɗaya ya canza sai ma'anar ta koma wai Allah ya barranta daga Manzonsa ma, wa'iyazu billahi. Wannan ne ya sa Abul Aswad ya amince ya sa alamomin wasali. Daga baya, a zamanin Halifa Abdulmalik bin Marwan, Nasru bin Asim da Yahya bin Ya'amar suka sa ɗige-ɗigen da suke bambanta ba da ta da sa. Malaman Hadisi kuwa har fanni guda suka ware mai suna tas'hifi, don tattara irin waɗannan kurakurai. Cikin misalan da suke kawowa akwai malamin da ya zo kan hadisin azumin Sitta Shawwal da muke yi bayan ƙaramar Salla, ya karanta kalmar da take nufin "shida" a matsayin kalmar da take nufin "wani abu", domin a rubuce ɗige-ɗige ne kawai suka raba su. Shi ya sa a wurinsu idan ɗalibi ya kwafi littafi ba a ɗaukar ya gama sai ya zauna da wani sun gwada kwafin da asali, layi bayan layi.

Mu ma a nan gida haka muka taso muka gani. Gardi ba ya wanke allonsa sai alaramma ya yi masa darasu ya gyara inda ya kauce. Ni kaina kusan duk shekara sai na yi fama da yaran da suka zo Islamiyya daga makarantar allo, domin a rubutun allo fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, alhali a bugun Hafsu da muke karantarwa da shi fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Sai yaro ya ga fa ya karanta ƙaf. To idan mun yarda ɗigo yana da wannan matsayi a Larabci, me ya sa idan muka zo kan harshenmu sai mu ce ai duk ɗaya ne, za a gane?

Rubutun boko na Hausa yana da ƙa'ida, kuma mutane sun sha wahala kafin a tsayar da ita. Hans Bisha, Baturen da Kanawa suke kira Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar boko a Nassarawa cikin 1909, shi ya fitar da ɗan littafin ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Babbar matsalarsu ita ce sautukan da babu su a Turanci. Aka gwada ɗigo a ƙarƙashin harafi, aka gwada waƙafi a gefensa, kamar yadda yake a ƙamusun Bargery na 1934. Sai a ƙarshen shekarun 1930, lokacin da Dokta East yake shugabantar hukumar talifi a Zariya, aka tsaya a kan haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta taimaka ƙwarai wajen sabar wa mutane da su. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, an yi taro a Bamako a 1966, an sake yin wani a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Har yanzu akwai ɗan bambanci guda da za ki lura da shi: mu muna rubuta 'ya'ya da waƙafi a gaban y, su kuma a Nijar ƙugiya suke sa wa harafin, su rubuta ƴaƴa. Duka biyun daidai ne. Wanda ba daidai ba shi ne a bar shi tsirara.

Bari mu tsaya a kan ƙugiyar nan, don ita ce uwar matsala. Baki daban, baƙi daban. Kaya daban, ƙaya daban. Koko na sha ne, ƙoƙo kuwa shi ake zuba kokon a ciki. Kafa aiki ne, ƙafa gaɓa ce. Wadda ta kasa ba ita ce ta zauna a ƙasa ba. Sunan garinmu Daura, amma aure ɗaura shi ake yi, don haka katin da aka buga "daurin aure" ya bar ƙugiyarsa a shagon mai bugawa. Ƙaraye ma da ƙugiya take, duk da cewa a allunan gwamnati ba za ki gan ta ba saboda da Turanci aka rubuta su. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na ta'aziyya. Kullum aka yi rasuwa sai ki ga saƙonni suna ta shigowa, "Allah ya jikansa, Allah ya jikanta." Jika ai ɗan ɗa ne. Abin da muke roƙo shi ne Allah ya ji ƙansa, wato ya tausaya masa. Na san Allah ya san nufin zuciya, amma addu'ar da za ki yi wa mamaci ta cancanci daƙiƙa biyun da za ki ɓata ki sa mata ƙugiya.

Akwai wanda ya fi wannan haɗari. Ki ɗauka wani bawan Allah ya rubuta a takarda, "gonar bakin rafi ta yayana ce," ya sa hannu, bayan shekaru ya rasu. Ta yayansa ce, wato wansa, ko ta 'ya'yansa ce? Mai amsar yana kabari. Duk wadda ta san yadda rikicin gona yake raba zumunci a ƙasar Ƙaraye da Rogo ta san wannan ba abin dariya ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, kuma a rubuta shi da adalci. Ina amfanin rubutun da zai karantu fuska biyu? Saboda haka ke uwar adashi, ko mai ba da atamfa bashi, idan za ki rubuta kuɗi ki rubuta da lamba ki sake rubutawa da kalmomi: 15,000, naira dubu goma sha biyar. Sifiri ɗaya ya ɓace ko ya ƙaru, kalmomin za su tsaya miki shaida.

Wata za ta ce wayarta ba ta da waɗannan haruffa. Da can wannan uzuri ne karɓaɓɓe. A shekarun 1990 sai da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya zauna ya ƙera haruffan kwamfuta masu ƙugiya kafin marubuta su samu sauƙi. Yanzu kuwa yawancin wayoyin Android suna da allon rubutu na Gboard, kuma akwai Hausa a cikin harsunansa. Ki sa ɗanki ko ƙanwarki su shiga wurin saiti su ƙara miki ita. Idan ƙaramar waya ce mai madannai, ki sa waƙafi a jikin harafin kamar yadda aka yi a da, ya fi ki bar shi haka. Kuma ki kashe abin nan da yake gyara kalma da kansa, domin idan a kan Turanci yake, duk Hausar da kika rubuta kuskure yake ganinta, sai ya musanya miki da kalmar da ba ki nufa ba.

Sai maganar x da q da 'yan matanmu suka ɗauko, abin har ya fara kama iyaye. "Xan xo", "qasa", "lpy", "ngd". Babu x, babu q, babu v a cikin haruffan daidaitacciyar Hausa, p ma sai a sunayen da ba na Hausa ba. Fada ake rubutawa, ba pada ba, ko da kuwa haka leɓenki yake furtawa. An fara wannan gajarce-gajarcen ne lokacin da ake biyan kuɗin saƙo bisa yawan haruffa, yanzu kuwa dalilin ya kau, ɗabi'ar ta zauna. Ina ganin sakamakonta a takardun jarrabawa: yarinya ta haddace izu goma, amma ta kasa rubuta layi uku na Hausa ba tare da x ba. A wurin wa ta gani? Sau da yawa a wayar uwarta.

Yanzu ga abin da ya jefa ɗalibata cikin rigima, wato raba kalmomi da haɗe su. Ƙa'idar ba ta da wuya. Wakilin suna da yake zuwa kafin aikatau a rabe yake: ya zo, ta ce, mun gani, na gode. "Nagode" a haɗe kuskure ne, duk da yawan masu yin sa. Wanda yake zuwa bayan aikatau shi ma a rabe: ya gan ta, na ba ki, sun kira mu. Za ta, za mu, za ki, za su, duk a rabe, amma zan da zai a haɗe suke saboda an riga an taƙaita su. Haka ban da bai, amma ba ta, ba mu, ba su a rabe. Ne da ce kullum su kaɗai suke tsayawa: shi ne, ita ce, gaskiya ce. Inda ake haɗewa kuwa shi ne yana, tana, suna, yake, take, suke, yakan, takan, da kuma mallaka idan gajera ce: mijina, ɗakinki, rigarta, gidansu. Idan doguwa ce sai a raba: ɗakin nata, gidan namu. Gwajin da nake ba ɗalibaina shi ne, ki tambayi kanki, mallaka ce ko aiki ne? "Ɗanta" mallaka ce, a haɗe. "Ya ɗauke ta" aiki ne ya faɗa mata, a rabe.

Ki kula da "akan" da "a kan". Akan yi tuwo da dare, amma a kan murhu ake ɗora tukunya. Ki kula da alhamzar tsakiyar kalma: addu'a, jama'a, sana'a, Juma'a, ma'aurata. Ki kula da shadda, wato harafin da ake ninkawa, don baba ba babba ba ne, daba ba dabba ba ce, ɗiya kuma ta yi nesa da diyya. Kalmomin da aka harhaɗa suka zama suna guda ana sa musu karan ɗori, kamar ka-ce-na-ce da faɗi-ka-mutu, haka ma waɗanda aka maimaita, kamar sannu-sannu. Sannan ba duk abin da baki ya furta ake rubutawa ba. Muna cewa "gidam Bala" da "rigab Binta", amma gidan Bala da rigar Binta ake rubutawa.

Ban so in wuce ban taɓa "in sha Allah" ba. A Larabci kalmomi uku ne, ma'anarsu idan Allah ya so. Idan aka haɗe biyun farko sai su yi kama da kalmar insha'i, wadda duk 'yar Islamiyya ta san ta, ƙirƙira ke nan. Ban ce wadda ta haɗe ta yi saɓo ba, kamar yadda wasu suke yaɗawa a waya suna tsorata mutane, domin ba abin da ta nufa ba ke nan. Amma tunda kin sani, ki raba. Haka salati ga Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Ibnus Salah da wasu malaman Hadisi sun ƙi a riƙa taƙaita shi da haruffa, sun fi son a rubuta shi cikakke. Ni dai tun da na karanta haka na daina ƙyashin tawada.

Sunayen 'ya'yanmu kuwa, nan ne kuskure yake cin kuɗi. Tun daga 2021 ba a yi wa yaro rajistar jarrabawar JAMB sai da lambar NIN, kuma ana son sunan da yake can ya dace da na sauran takardunsa. Banki ma tun da aka kawo BVN a 2014 haka abin yake, balle fasfo idan Allah ya kira ki aikin Hajji. Kwamfuta ba ta san cewa Muhammad da Mohammed da Muhammadu mutum ɗaya ne ba. Na san yarinyar da babanta ya rubuta mata Rukayya a takardar haihuwa, ita da ta shiga sakandare ta mayar da shi Ruqayyah don gayu, kawunta kuma da ya kai ta wani shagon masu kwamfuta ya faɗa da baki aka buga Rukaiya, ba wanda ya karɓi takardar ya duba. Da lokacin neman gurbin karatu ya yi, sai ga mutum uku a jikin yarinya ɗaya. Sai da aka je kotu aka yi takardar rantsuwa, uban ya yi ta zirga-zirga zuwa Kano da kuɗin da ya tanada na taki, kuma duk da haka shekarar ta wuce ta. Uwargida, wannan aikinki ne, don ke kike ajiye takardu a ƙasan akwati. Tun ranar suna ku zauna da maigida ku tsayar da yadda za a rubuta sunan, harafi bayan harafi, da wanda zai zo farko da wanda zai zo ƙarshe. Ki rubuta a takarda, duk wanda zai kai yaron rajista ki ba shi ita a hannu. Kuma kada ku yanke suna a "Abdul", domin ma'anarsa "bawan", ba a faɗi na wa ba. A cika shi, Abdullahi ko Abdurrahman.

To yaya ake duba rubutu? Abu na farko, kada ki duba shi da zafinsa. Idonki yana ganin abin da kika yi niyyar rubutawa ne, ba abin da hannunki ya rubuta ba. Idan saƙo ne mai nauyi, ki ajiye wayar ki je ki juya miya ki dawo. Sannan ki karanta a bayyane, a hankali, kina bi da yatsa kamar mai biya allo, kuma ki furta abin da yake a rubuce tsakani da Allah. Da ɗalibata ta yi haka, da ta ji bakinta ya ce "sun bata" ta tsaya. Bayan nan ki sake bi sau ɗaya ba don ma'ana ba, ki farauci b da d da k da y kawai, kowanne ki tambaye shi ko yana bin ki ƙugiya. Sunaye da lambobi da ranaku kuwa a ware ake duba su, don nan ne ido ya fi zamewa.

Idan abin bugawa ne, kamar katin walima ko sanarwar wa'azin mata ko takardar shaidar sauka, kada ki yarda a buga ɗari biyu sai an fitar miki da guda ɗaya kin riƙe a hannu. Wani lokaci a kwamfuta ƙugiyar tana nan, amma idan ta fito a takarda sai ki ga ɗan akwati a gurbinta. Ki ba wata wadda ba ta san abin da kike nufi ba ta karanta miki, ke kina saurare. Mu a makarantarmu mun taɓa buga allunan saukar ɗalibai 40 da kuskure a sunan makarantar kanta, mu malamai huɗu duk mun duba ba mu gani ba, sai wata 'yar aji uku ce ta nuna mana ranar walima. Idan kuma kina shakkar kalma, akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006. Ya kamata a ce kowace Islamiyya tana da kwafi ɗaya a ofis, kusa da ƙamusun Larabci.

Ga aikin gida. Ki kwafi waɗannan a littafinki ki gyara su, ki kuma ba 'yarki ta gwada nata daban, ku ga wadda za ta fi:

1. xamu je daurin auren yar yayana ranar jumaa insha Allah.
2. baki sunzo, na basu koko a koko.
3. itace tace akan tabarma zata kwanta.
4. kudin da kabani na bata ne, basu bata ba.

Ta ukun tana da tarko a kalmar farko, ta huɗun kuwa tarkonta biyu ne. Za mu kawo amsoshin a fitowa ta gaba, in sha Allah.